Abin da na koya a kan sunayen tausa bayan na kwana uku ina ɗingishi

Watan jiya ƙanwata ta ba ni kyautar takardar shiga wani gidan gyaran jiki a Abuja, irin wanda ake ce wa spa ɗin nan, saboda ta gaji da jin kullum ina cewa bayana bayana. Shekarata goma sha biyu kenan a kan keken ɗinki, duk wadda ta san ɗinkin sallah ta san yadda mutum ke duƙawa tun asuba har dare ya raba, kafaɗa ta sandare, wuya ya ƙi juyawa, ƙugu kuma kamar an ɗaura maka dutsen niƙa. Toh na je, yarinyar da ke gaban tebur ta tarbe ni da fara'a sosai, ta kawo min shayin citta, sannan ta miƙo min wata doguwar takarda tace Hajiya ki zaɓi wanda kike so. Wlh na karanta takardar nan daga sama har ƙasa, ina iya karanta kalmomin amma bansan me za a yi min ba idan na nuna ɗaya, kuma kunya ta hana ni tambaya don akwai wasu mata biyu a zaune suna jira. Sai na nuna wanda ake kira dif tishu saboda na ga kuɗinsa ya fi na sama da shi, nace tunda ya fi tsada ai shi zai fi aiki.

Kwana uku na yi ina tafiya a karkace. Ba laifin mai tausar ba ne, ta yi abin da na zaɓa ne, har sau biyu tana tambayata ko ta rage ƙarfi ina cewa a'a ci gaba, don a raina ina ganin zafin shi ne maganin. Da na dawo Kano sai na zauna na bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, na tambayi wata ƙawata da ta yi karatun fisiyo, wato aikin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi na asibiti, na kuma je wajen matar da ta yi wa ƙanwata gyaran aure, 'yar Maiduguri ce, muka sha hira. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawancin abin da ke takardar nan muna da irinsa a gida tun kaka da kakanni, suna ne kawai ya rufe mana ido.

Bari in fara da wanda ya kamata in zaɓa tun farko, wato siwidish. Ita ce tausa ta yau da kullum, a shafa maka mai a bi jikinka a hankali daga ƙafa zuwa wuya. Sunan ya samo asali ne daga ƙasar Suwidin saboda wani malamin motsa jiki mai suna Per Henrik Ling da ya buɗe makaranta a birnin Sitokhom a 1813, amma sunayen salon hannun da ake amfani da su yanzu wani likita ne ɗan ƙasar Holan, Johan Georg Mezger, ya yaɗa su kuma da Faransanci, shi ya sa suke da wuyar faɗa. Su kansu mutanen Suwidin ɗin ba sa ce mata siwidish, tausar asali suke kiranta. In kika ji ance efilaraj, shafa ce doguwa da tafin hannu, irin yadda ake shafa wa jariri man kaɗanya bayan wanka. Fetirisaj kuma cuɗa tsoka ne, a kamo ta a matsa a saki kamar mai kwaɓin alkaki. Tafotman shi ne bubbugawa da gefen hannu da sauri da sauri, firikshin kuma murza wuri ɗaya da babban yatsa a zagaye. Duk waɗannan Innata ta yi min su ina yarinya ba tare da ta san suna da suna ba, ranar da na faɗo daga bishiyar mangwaro ta zaunar da ni a tabarma ta ɗumama man shanu a murfin kwano ta dinga murza min cinya tana min faɗa.

Shi kuwa dif tishu da na zaɓa, ma'anarsa a kai ga tsokar da ke can ciki. A nan ba tafin hannu kaɗai ba, har gwiwar hannu da ƙullin yatsu ake sa wa, a danna a hankali a tsaya a wuri ɗaya har tsokar ta saki. Yana da amfani ga wanda ya saba, ko mai wani ƙulli guda da ya daɗe yana damunsa a kafaɗa, amma ga wadda ba a taɓa yi mata ba ta ce a yi mata duk jiki na awa ɗaya da rabi, to za ta ji a jikinta. Ƙawata ta fisiyo tace min Anti ɗan tsami na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma zafin da zai sa ki riƙe numfashi ko ki damƙe gado, tsokar ma ƙara ɗaurewa take yi don kare kanta, kin ga an yi ba a yi ba kenan. Tace a yawancin wurare ana tambayar ƙarfin hannu kala uku, mai laushi, matsakaici, da mai ƙarfi, kuma haƙƙinki ne ki canza a tsakiyar aiki. Wannan maganar da na san ta tun farko da ban sha wahala ba.

Akwai wata da ake kira tausar Tailan, su a can nuwad tai suke ce mata, har hukumar UNESCO ta saka ta cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2019. Ita ba a cire kaya, ba a shafa mai, a kan katifa a ƙasa ake yi, mai tausar ta dinga miƙar da ke tana lanƙwasa ki tana danna ki da hannu da gwiwa har da ƙafa. Da na ji bayanin nan sai na tuna Kakarmu, Allah ya ji ƙanta, da magariba ta yi rub da ciki a kan tabarma tace ke zo ki taka min baya, ni kuma in dafa bango in hau ina tafiya a hankali daga ƙugu zuwa kafaɗa tana cewa yauwa nan nan, ɗan matsa sama, Allah ya yi miki albarka. Yara ƙanana ake sa wa saboda ba su da nauyi, kuma ko a lokacin tana hana mu taka tsakiyar ƙashin bayan, gefe da gefe kawai. Ga mace mai jin nauyin tuɓe kaya a gaban wata, ni a ganina wannan ta fi dacewa da mu. Shiyatsu ma ta Japan ce, kalmar tana nufin dannawa da yatsa, ita ma da kaya a jiki ake yi.

Tunda na ambaci tuɓe kaya bari in tsaya a nan don na san shi ne abin da ke hana mata da yawa zuwa. A gidan da ya san aikinsa ba a barin ki a buɗe, ana rufe ki da babban tawul ko zani, wurin da ake aiki a kai kaɗai ake buɗewa, in an gama ƙafar dama a rufe ta sannan a buɗe ta hagu. Mai tausar tana fita ki shirya ki kwanta ki rufa kafin ta ƙwanƙwasa ta shigo. Ki faɗa tun a waya cewa mace kike so, namiji ma ya ce namiji yake so, ki kuma faɗi wuraren da ba kya so a taɓa, babu wanda zai ga ƙauyancinki. In kika ga ana miki wasa da wannan maganar ki ɗauki jakarki ki fita.

Sai tausar duwatsu masu zafi, wasu baƙaƙen duwatsu ne masu santsi irin na aman wuta da ke riƙe zafi, a ɗumama su a ruwa a jera a baya ko a riƙe a hannu ana bin tsoka da su. Gashi ne dai, irin wanda muke yi da tsumma da ruwan zafi. Mai ciwon suga ta yi hattara da shi don wani lokacin ciwon yana kashe jin zafi musamman a ƙafa, sai ta ƙone ba ta sani ba.

Aromaterafi kuma tausa ce da man ƙamshi da ake tatsowa daga tsirrai, irin su labanda da na'ana'a da ganyen turare, wani masanin haɗa sinadarai ɗan Faransa, Gattefossé, shi ya fito da sunan a littafinsa na 1937. Man nan yana da ƙarfi sosai ba a shafa shi zalla, ɗigo kaɗan ake sa wa a cikin man kwakwa ko na zaitun. Na faɗi haka ne don yanzu ana sayar da ƙananan kwalaben nan a kasuwa da intanet, na ga wata maƙwabciyata ta shafa na kanumfari kai tsaye a wuya fatar ta yi ja ta saɓule. Mai asma ma ta faɗa kafin a kunna komai a ɗakin.

Inda na fi jin daɗi shi ne da na zo kan sauna da sitim. Sauna ta mutanen Finlan ce, ɗaki ne na katako mai busasshen zafi da ke kai wa digiri 80 zuwa 100, ana ɗan watsa ruwa a kan duwatsu masu zafi tururi ya tashi. Ɗakin sitim kuma zafinsa bai kai haka ba, wajen digiri 40 zuwa 45 ne, amma cike yake da tururi har ba kya ganin hannunki sosai. To wannan ai suracenmu ne, wanda in zazzaɓi ko mura ta kama mutum a tafasa ganyen darbejiya da na gwaiba da na mangwaro a zuba a bokiti a lulluɓe shi da bargo har ya jiƙe sharkaf. Bambancin kawai a can duk ɗakin ne bargon. Hamam kuma na Maroko da Turkiyya ne, kalmar Larabci ce da ke nufin wurin wanka, a zaunar da ke a tururi har fata ta yi laushi, a shafa miki wani baƙin sabulu mai kama da man shafawa da ake yi da zaitun, sannan a dirje ki da wata safar hannu mai kaushi da suke kira kesa, za ki ga dauɗa da matacciyar fata suna murmushewa suna zubowa, daga baya a shafa wata laka da ake haƙowa a tsaunukan Atlas mai suna gasul. Duk inda kika ga an rubuta sikirob, wannan dirzawar ake nufi, ko da gishiri ko da sukari ko da garin kofi. Bodi raf kuma a shafa miki laka ko wani haɗi a naɗe ki da leda da bargo ki kwanta kamar minti talatin.

Da na karanta wa mai gyaran nan 'yar Maiduguri wannan sai ta yi murmushi tace Hajiya ai dilka kenan. Gaskiyarta, dilka da halawa da dukhan daga Sudan suka zo mana, suka biyo ta Chadi da Borno har suka zama ba a kai amarya sai da su. Dilkar Sudan ta asali da garin dawa ko alkama ake kwaɓa ta, a sa sandal da kanumfari da mahalab a turara ta da hayaƙi, a nan kuma kowa da irin haɗinta, wasu su sa kurkur wasu gyaɗa. Halawa sukari ne da lemon tsami da ruwa a dafa har ya yi danƙo a cire gashi da shi, abin da takardar Abuja ta kira wakzin ko shugarin. Dukhan kuma shi ne a haƙa ɗan rami ko a sa kasko, a kunna itacen ɗalhi ko durot, mace ta shafa mai ta zauna a kai a lulluɓe ta da bargo mai kauri kanta kaɗai a waje. Na zauna na kalli yadda ta yi wa ƙanwata, tana murza dilkar a hannunta tana gangarowa ƙasa a dunƙule a dunƙule, ɗakin duk ƙamshin humra, tana yi tana mata nasiha a kan zaman aure. Ban ga abin da hamam ya fi wannan ba, sai dai tayil da fitilu.

Amma fa ba don namu ne zan ce komai nasa lafiya lau ba. Zafi zafi ne ko a sauna ko a kan kasko. Mai ciki, mai hawan jini da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya, kada su shiga sai likita ya yarda, kuma ko mai lafiya minti goma zuwa sha biyar ya isa, ta sha ruwa kafin da bayan, in ta ji jiri ta fito nan take. Wankan jego ma haka ne, kwana arba'in ana fyaɗa wa mace tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, ga kunun kanwa, a wasu garuruwan har da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta cewa suna ganin mata da yawa da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta hakan da yawan kanwa da tsananin zafin nan. Ni na yi wankan jego sau huɗu kuma ina son kulawar da ke cikinsa, yadda Goggo ke tashi tun asuba ta hura wuta saboda ni, amma a haihuwata ta ƙarshe na roƙe ta a sirka ruwan a rage kanwar, ta yi ɗan ƙorafi ta kuma yarda. Sannan duk mai jegon da ta ga ƙaurinta ɗaya ya kumbura yana zafi yana ciwo, dan Allah kada a tausa shi, yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, in aka murza zai iya tafiya huhu. Asibiti za a kai ta a ranar.

Kofin kuma, wanda wasu gidajen ke rubuta hijama, ƙahonmu ne. Duniya ta yi ta magana a kansa a 2016 lokacin gasar Olamfik a Riyo da aka ga ɗan ninƙayar Amurka Michael Phelps da zagaye zagayen tabo a kafaɗa, alhali wanzaman unguwarmu sun daɗe suna yi da ƙahon shanu, kuma ya tabbata a hadisi cewa Annabi SAW an yi masa ƙaho ya kuma biya mai yin ladansa. Akwai busasshe, a kafa kofi ya ja fata kawai, akwai kuma wanda ake tsagawa a fitar da jini. In za a tsaga, a buɗe sabuwar reza a gabanki, kofunan ma sababbi, saboda ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi.

Akwai kalmomin da ni yanzu in na gan su nake ƙara buɗe ido. Ta farko ditoks, wai za a fitar miki da guba daga jiki ta gumi ko ta naɗe ki a leda ko ta sa ƙafarki a wani ruwa ya canza kala. Hanta da ƙoda su Allah ya ɗora wa wannan aikin, gumi kusan duk ruwa ne da gishiri, nauyin da ya ragu bayan sauna ruwa ne kina sha zai dawo. Rifleksoloji kuma tausar tafin ƙafa ce da wata Ba'amurkiya Eunice Ingham ta yaɗa a shekarun 1930, suna cewa kowane wuri a ƙafa yana haɗe da wata gaɓa a ciki. Daɗinta ba a magana musamman ga mai wuni tana taka keke irina, amma ba ta warkar da ƙoda ko suga, kar wani ya sa ki ajiye maganinki. Limfatik direnej ita tausa ce mai laushi ƙwarai da Emil Vodder ɗan Denmak ya ƙirƙiro a shekarun 1930 ɗin nan dai, ana yin ta ne don rage kumburi kamar na hannun matar da aka yi wa aikin kansar mama, yanzu kuma ana tallata ta a matsayin mai narkar da tumbi, wanda ba aikinta ba ne. Sai fasiyal, wato gyaran fuska, a wanke a turara a matse ƙuraje a shafa wani haɗi da ake kira mas, wannan ba laifi, amma in kika ji ance waitenin ko a ce za a ƙara miki haske cikin kwana bakwai ki tambayi me ke cikin haɗin, don sau da yawa bilicin ne aka canza wa suna, kuma NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kan mayukan da ke da sinadaran haidirokwinon da makuri. Wannan abin yana min ciwo sosai, na ɗinka wa amare da yawa kaya, ina ganin yarinya baƙa kyakkyawa ta zo awo, bayan wata biyu ta dawo karɓar kaya fuska ja gwiwar yatsu baƙi ƙirin.

Wani abin da ƙawata ta nanata min shi ne in bambance gidan hutu da wurin magani. Tausa tana sassauta ciwon baya na ɗan lokaci, tana sa barci, tana sauke gajiya, wannan gaskiya ne na ji a jikina. Amma ciwon da ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa da jin kamar ana tsira miki allura, ko ƙafa ta dinga mutuwa, ko targaɗe da karaya, wannan na asibiti ne, a Kano muna da asibitin ƙashi na Dala kuma akwai sashen fisiyo a manyan asibitoci. Ni da ta duba ni tace matsalata rabi daga kujerar ɗinkina ce, ta yi ƙasa da yawa, ta sa na ɗora matashi, ta ce duk bayan minti arba'in in miƙe in zagaya shago in juya kafaɗa.

Takardar da ƙanwata ta ba ni ta zuwa biyu ce, don haka sati biyu da suka wuce da na je kai kayan wata amarya Abuja na koma. Wannan karon da aka ba ni fom ɗin tambayoyin lafiya na zauna na cike shi tsaf, na rubuta aikin da aka yi min a haihuwar autana, na rubuta cewa ƙamshi mai ƙarfi yana sa min ciwon kai. Nace siwidish nake so, matsakaicin hannu, awa ɗaya, a fi ba kafaɗa da ƙugu lokaci, a bar cikina. Mai tausar 'yar Jos ce tana jin Hausa sosai, da ta zo kan kafaɗata ta dama ta tsaya tace Anti ɗinki kike yi ko, nace ya aka yi kika sani, tace nan wurin ne ya faɗa min, duk teloli a nan yake ɗaure musu. Ta murza shi a hankali ya fi minti goma, ina jin yana saki kaɗan kaɗan har barci ya ɗauke ni. Da na dawo gida ran Juma'a na sayi man kaɗanya mai kyau a kasuwar Rimi na wuce wajen Inna, yanzu ita ce gwiwa ke damunta, na ɗumama man a murfin kwano na zaunar da ita a tabarma na fara daga idon sawu ina hawa sama, tace ke kuma a ina kika koyo wannan, nace a wajenki.